Ƙarfe Ma Yana Cin Ɗan'uwansa: Abin Dubawa Kafin A Ɗaure Kayan Sana'a Bayan Gyara

 A wannan mako za mu taɓo wata magana ce da ake yi wa kallon ƙarama, amma tana cin jarin mutane a ɓoye, wato maganar ƙusa da noti da kan famfo da ake ɗaura wa kayan sana'a idan an kai su gyara. Kusan kowa ya san yadda abin ke faruwa. Tukunya ko injin ban-ruwa ko rufin shago ya samu ƴar matsala, a kira mai gyara, ya kwance, ya gyara, ya mayar ya ɗaure, a biya shi a yi godiya. Bayan damina ɗaya sai a tarar daidai wurin da aka sa sabuwar ƙusar nan ya zagwanye, ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari, ko kuma ya yi jan zobe na tsatsa, ruwa na ɗiga. Daga nan sai zargi ya tashi. Mai kaya ta ce mai gyara ya cuce ta, mai gyara ya ce kayan zamani ne ba su da ƙarko, wani ma ya ce baki ne ko hassadar maƙwabciyar rumfa. Alhali sau da yawa abin da ya faru shi ne an haɗa ƙarfe iri biyu da ba sa zaman lafiya da juna, ruwa ya shiga tsakaninsu, ɗaya ya cinye ɗaya.

Domin a gane yadda hakan ke yiwuwa, mu ɗauki batirin tocila ko na rediyo, irin mai arahar nan da ake samu a kowane tebur. Duk wanda ya taɓa fasa shi ya ga wani baƙin sanda a tsakiya, da jiƙaƙƙen baƙin gari kewaye da shi, da kuma gwangwanin da ya lulluɓe su. Gwangwanin nan na tutiya ne, wato farin ƙarfen da ake shafe kwanon rufi da shi. Wutar da batir ke bayarwa tana fitowa ne daga cinyewar tutiyar nan, shi ya sa idan ya tsufa a cikin rediyo za a ga jikinsa ya huje, ruwa ya fito ya ɓata wurin. Batir na farko a duniya ma haka aka yi shi. A shekarar 1800 wani masani ɗan ƙasar Italiya mai suna Alessandro Volta ya jera faya-fayen tutiya da na jan ƙarfe, ya sa ƙyalle jiƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu, sai ga wuta tana gudana. To duk inda aka ɗaure ƙarfe iri biyu suka taɓa juna, kuma danshi ya jiƙa su, an haɗa ƙaramin batir ke nan ba tare da an yi niyya ba. Wutar ba ta kai a ji ta a hannu ba, amma tana tafiya dare da rana, kuma jikin ɗaya daga cikin ƙarafan ne ke biyan kuɗinta.

Wane ne ke biya? Masana sun jera ƙarafa daki-daki tun daga mai saurin ciwuwa har zuwa mai taurin kai. A can ƙasa akwai maganiziyam, sai tutiya, sai alminiyam, sai baƙin ƙarfe da muka saba da shi. Sama da su akwai dalma ta ainihi da kuza, sai tagulla da jan ƙarfe, sai inokis, wato ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, sai azurfa da zinariya a can ƙololuwa. Idan biyu suka haɗu a cikin danshi, na ƙasa ne ke ciwuwa, na sama kuwa ya ƙara samun kariya. Kuma gwargwadon nisan da ke tsakaninsu a jerin, gwargwadon saurin cin. A lura, wannan jeri bai shafi nauyi ko taurin ƙarfe a hannu ba. Jan ƙarfe yana lanƙwasuwa da yatsa, amma idan aka haɗa shi da ƙusar baƙin ƙarfe a cikin ruwa, ƙusar ce za ta tafi.

A nan sai mun ɗan tsaya, domin sunayen da muke amfani da su a kasuwa suna ƙara rikita lamarin. Tukunyar da muke ce wa ta dalma, irin wadda ake zubawa a kasuwar Katako ta Yamai da sauran maƙeru, alminiyam ce aka narka daga tsofaffin gwangwanaye da kayan mota. Dalma ta ainihi ita ce mai nauyin nan da ke cikin batirin mota. Haka nan duk abin da ke ƙyalli wasu silba suke ce masa, ko alminiyam ne, ko inokis, ko baƙin ƙarfe da aka yi wa shafe. Mai sayen noti kuwa idan bai bambanta su ba, ya sayi na ƙyalli yana ganin ya yi gwaninta, alhali wataƙila ya sayo wa tukunyarsa maƙiyi. Hanya mafi sauƙi ita ce mayen ƙarfe, ko da na tsohuwar lasifikar rediyo ne. Yana kama baƙin ƙarfe, ko an shafe shi da tutiya ko ba a shafe ba. Ba ya kama alminiyam, ba ya kama jan ƙarfe da tagulla, kuma yawancin inokis mai kyau ba ya kamuwa ko kuma ya kamu kaɗan. Sauran bambancin launi da nauyi za su nuna.

Wani zai ce, mu da muke cikin Sahel, wata takwas ba ɗigon ruwa, ina ruwanmu da maganar danshi? Gaskiya ne bushewar ƙasarmu tana yi mana rana, domin ƙarfen da zai ruɓe cikin shekara biyu a Kwatano ko Lome yana iya daɗewa ƙwarai a Filinge. Amma wannan ne ma ya sa muka saki jiki. Garuruwanmu suna zaune ne a cikin Dallol Boso, tsohon kwarin da ya gangaro daga Azawak ya bi ta Filinge da Bonkuku da Balleyara har ya kai kogin Kwara. Ruwa a kusa yake cikin kwarin nan, shi ya sa ake noman rani, kuma a wurare da dama ƙasar da ruwan suna da kanwa, har akwai inda ake haƙar ta ana kaiwa kasuwa. Ruwan da ke ɗauke da kanwa ko gishiri ya fi ruwan sama saurin ɗaukar wutar nan da muka ambata nesa ba kusa ba. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to ga shi har ƙarfe bai tsira ba. Bugu da ƙari, sana'o'in da ke ciyar da gidajenmu da yawa ba sa rabuwa da jiƙa ko a tsakiyar bazara: mai shayi, mai koko, mai tuyar ƙosai, mai ƙanƙara da ruwan sanyi, mai lambu, mai shayar da dabbobi. Kayan waɗannan ko da yaushe cikin damina suke.

Mu fara da teburin mai shayi, domin a nan ne abin ya fi fitowa fili. Babbar tukunyar dafa ruwa ta alminiyam ce, sai a huda ta daga ƙasa a ɗaura mata kan famfo na tagulla, irin rawayan nan na masu aikin ruwa, don a riƙa tsiyaya ba sai an ɗaga ba. Dabara ce mai kyau, kuma mata masu kunu da zoɓo su ma sun ɗauke ta. To amma tagulla tana can sama a jerin, alminiyam tana ƙasa, ga ruwa kullum, ga zafi, zafi kuwa yana ƙara wa cin sauri. Abin da ke biyo baya shi ne bakin hudar ya riƙa faɗaɗa a hankali. Famfon yana nan garau kamar yau aka saye shi, tukunyar ce ke raguwa a kewayensa. Mai shayi ya ga ɗiga, ya ƙara matse noti, ya naɗa leda, bayan wata biyu ya sake matsewa, har ranar da famfon zai zo a hannunsa da asuba ana tsakiyar ciniki. Mun sha jin masu wannan sana'a suna cewa tukwanen yanzu ba su da kauri. Wataƙila akwai gaskiya a ciki, amma da an sa zoben roba mai jure zafi ciki da waje, aka kuma naɗe zaren famfon da farin tef ɗin nan na masu aikin ruwa yadda tagullar ba za ta taɓa jikin tukunyar ba ko ta ina, da tukunyar ta yi shekaru. A kula da kalmar ko ta ina. Idan aka sa roba a gefe ɗaya, amma wuyan famfon yana gugar bakin hudar, ba a yi komai ba.

Haka batun hannun tukunya da marfi yake. Hannu ya cire, sai a samu ƙusar kafinta ko guntun wayar lantarki a ƙwanƙwasa a maimakon ƙusar alminiyam. Wayar jan ƙarfe ita ce mafi muni a jikin alminiyam, domin ko ruwan da ya bi ta kanta ya kwanta a tukunya yana iya haddasa ƴan ramuka kamar na allura. Abin da ya dace shi ne a toshe alminiyam da alminiyam, kuma maƙeran da suka san aikinsu suna yanka ƙusar daga tsohuwar tukunya. Sannan muna roƙon iyayenmu mata, kada a yarda a liƙe tukunyar abinci da dalmar batirin mota, komai arahar aikin. Dalma guba ce, ta fi yi wa ƙananan yara illa, kuma ba a ganin ta ko a ji ɗanɗanonta a cikin abinci. Wani abin kuma da ya kamata a raba shi da wannan magana: kanwa ita kaɗai, ko babu wani ƙarfe a kusa, tana cin alminiyam. Shi ya sa tukunyar da aka dafa wake da kanwa aka bar ta ta kwana ba wanki take dushewa tana yin kaushi. Wannan maganinsa wanki da kifewa ne.

Inda asarar ta fi girma shi ne wajen masu lambu. Injin ban-ruwa, irin ƙananan nan masu shan esansi da suka cika lambunan Dallol, gangar jikinsa ta alminiyam ce, notukan da suka riƙe ta kuwa na baƙin ƙarfe ne. Daga masana'anta sukan zo da ɗan shafen tutiya da ke kare su. Da zarar an kwance injin sau ɗaya ko biyu don canza robar da ke hana yoyo ko cire yashi, shafen nan ya goge, wani notin ma ya ɓace a cikin ƙasa a maye gurbinsa da duk wanda aka samu a akwatin makanike. Ruwan kanwa ya riƙa ratsawa cikin zaren. Alminiyam idan ta ciwu tana zama wani farin gari, garin nan kuma ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi cin wuri, sai ya cika zaren ya riƙe notin gam kamar an yi masa walda. Ranar da za a sake kwancewa, makanike ya sa ƙarfi, ko dai notin ya karye a ciki, ko zaren gangar ya zube, ko kunnen gangar ya tsage. Saboda noti na ƴan daloli an rasa ganga ta jikkuna masu yawa, ga albasa da tumatir da kabeji suna jiran ruwa, su kuwa ba su san ana jiran kayan gyara daga Yamai ba, tafiyar kilomita wajen 180. Kuma kowa ya shaida yadda kayan da ke shigowa ta tashar jiragen ruwan Kwatano suka yi tsada bayan rufe iyaka da Benin a shekarar 2023. Mace mai sarin kayan miya da ta ba mai lambu kuɗi tun kafin girbi, ita ma asarar nan ta shafe ta, ko da ba ta taɓa riƙe sifana ba.

Maganin wannan bai fi ƙarfin kowa ba. Kafin a mayar da kowane noti, a goge zarensa da burushin waya, a busar, a shafa masa giris, sannan a ɗaure daidai ba tare da an hau kansa da ƙafa ba. Giris yana hana ruwa samun wurin kwanciya, idan kuwa babu ruwa batirin ya mutu. Sai dai a guji baƙin giris mai garin girafit, wato irin abin da ke cikin fensir, da kuma man nan mai launin jan ƙarfe da wasu makanikai ke shafa wa notin salansa, domin dukansu biyu suna ƙara wa alminiyam ciwo idan akwai ruwa. Giris na yau da kullum ya wadatar. Idan an gama noman rani kuma, a zuba wa injin ruwa mai daɗi ya wanke cikinsa, a tsiyaye shi tas kafin a ajiye.

Wannan ilimi masu jiragen ruwa ne suka fara sayen sa da tsada, domin su kullum cikin ruwan gishiri suke. A shekarar 1761 sojojin ruwan Ingila suka lulluɓe cikin wani jirginsu na katako mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe, don hana wata tsutsar teku da ke huda katako. Suka kafe fallayen da ƙusoshin baƙin ƙarfe. Da aka duba jirgin a 1763, tsutsar ba ta yi ɓarna ba, amma fallaye da yawa sun saki saboda ƙusoshin sun ruɓe. Abin mamaki, sai aka tarar wasu ƙusoshin suna nan da sauran ƙarfinsu, da aka bincika sai aka ga takardar da aka naɗo fallayen da ita ce ta maƙale tsakanin kan ƙusa da jan ƙarfen, ma'aikata ba su cire ta ba. Wato sakacin leburori ne ya tona asirin maganin. Daga baya, a 1824, wani masanin Ingila mai suna Humphry Davy ya nuna cewa idan aka manna ɗan guntun tutiya ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen jirgi, guntun ne zai ciwu ya bar jirgin. Har gobe da wannan dabara ake aiki. Injin da ake ɗaura wa kwalekwale a Ayoru ko Gaya yana zuwa da wani ɗan dunƙulen ƙarfe mai toka-toka a ƙasa kusa da farfela, wanda aikinsa kawai shi ne ya ciwu a madadin injin. Ba a shafa masa fenti, kuma idan ya ƙare sai a sa wani. Haka tankin dumama ruwa na lantarki da ake sawa a otal da manyan gidaje yake da sandar maganiziyam a cikinsa don wannan aiki.

A ƙasashen sanyi kuwa, jiragen ruwa suna da na'urar dumama ɗaki mai aiki da gazuwal, wadda a cikinta ake samun alminiyam da inokis da bututun jan ƙarfe duk a wuri ɗaya, ga zafi ga iskar teku. Lokaci-lokaci sai an kwance ta an kankare baƙin hayaƙi. Masu wannan aiki sun san cewa ranar mayarwa ita ce ranar da ake shuka matsala ko a kauce mata, don haka sukan shafa wa kowane sukuru wani man da ke raba ƙarfe da ƙarfe, su sa zoben roba a inda babu zafi, a inda wuta ke kaiwa kuwa, tun da roba narkewa za ta yi, sai su nemi sukuru irin wanda aka cire. Wannan darasi ya shafi masu murhun tuya da masu gasa nama da burodi a nan gida: kusa da wuta, ƙarfe da irinsa kawai. Amma abin da ya shafi kan tukunyar gas da bututunta, wannan kada a yi masa dabarar gida ko kaɗan, a kai wa wanda ya san aikin.

Ko manyan injiniyoyi ma abin ya taɓa kayar da su. Mutum-mutumin nan na birnin Niyok a Amurka, na mace mai ɗaga tocila, wanda Faransa ta ba su kyauta aka ƙaddamar a 1886, fatarsa ta jan ƙarfe ce, ƙashin cikinsa na baƙin ƙarfe, kuma Gustave Eiffel mai hasumiyar Paris ne ya tsara ƙashin. Sun san da matsalar, sun sa wani abu a tsakani don raba ƙarafan, amma da shekaru suka tura abin ya lalace ya koma yana riƙe danshi. Baƙin ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura har yana fizge ƙusoshin fatar. Tsakanin 1984 da 1986 sai da aka canza sanduna wajen 1,800 aka sa na inokis, aka kuma raba su da jan ƙarfen da tef ɗin Teflon, dangin farin tef ɗin da muka ce a naɗa wa famfon mai shayi.

Akwai wata ƙa'ida da labarin jirgin Alarm ya koyar, wadda ya kamata kowane mai sayen ƙusa ya riƙe. Girman kowane ɓangare yana da muhimmanci. Idan ƙarfe mai rauni shi ne ƙarami, kamar ƙusa, mai taurin kan kuma shi ne faffaɗa, to duk cin zai taru a kan ƴar ƙusar nan, ta ƙare nan da nan. Idan kuwa aka juya, ƙusar ce mai taurin kai, faffaɗan ne mai rauni, cin yana bazuwa, a daɗe ba a ga illa ba. Saboda haka ƙusar alminiyam a jikin farantin inokis ɓata kuɗi ne, amma sukurun inokis a jikin faffaɗar alminiyam ana iya zama da shi, musamman idan an shafa giris an sa zoben roba. Haka nan wajen fenti: idan za a shafa, a shafe duka biyun. Wanda ya shafe mai raunin kaɗai ya bar ɗayan tsirara, to duk inda fentin ya ɗan karce, nan cin zai taru ya huda.

Mu hau kan rufi. Kwanon rufi baƙin ƙarfe ne da aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Sorel ya yi wa rajista a 1837. Tutiyar nan tana yin irin aikin ɗan dunƙulen injin kwalekwale, wato ita ke ciwuwa don ƙarfen ciki ya tsira. Idan magini ya kafe kwano da baƙar ƙusar kafinta wadda ba ta da shafe, tutiyar da ke kewaye da ƙusar za ta riƙa ƙarewa wajen kare ta, har ta ƙare, sai jan zobe ya bayyana, sai huda. Ƙurar hunturu da ta kwanta a kan rufi ita ma tana riƙe danshi idan ruwan farko ya sauka. A ƙarƙashin hudar nan kuwa akwai buhun sukari, da fulawa, da siminti, da turamen atamfa na bashi. Ƙusar rufi ta ainihi, mai shafen tutiya da hula da zoben roba, ta fi tsada kaɗan, kuma a nan ne wasu magina ke rage kuɗi idan an ba su aikin a dunƙule. Shawararmu ita ce mai shago ya sayi ƙusar da hannunsa. Kuma kada a bar wayar jan ƙarfe tsirara tana kwance a kan kwano, ko ta eriya ce ko ta shanya.

Yanzu kuma ga faifan sola ya shigo kowace kasuwa, masu cajin waya da masu firjin ƙanƙara sun dogara da shi. Bakin faifan na alminiyam ne, teburin da mai walda ke yi masa na baƙin ƙarfe ne, wayoyin na jan ƙarfe, kan batir kuma na dalma. Iri huɗu ke nan a wuri ɗaya. A shafe teburin da fenti, a sa guntun robar cikin taya tsakaninsa da faifan. Kan batir idan ya fara yin farin gari ko kore, a cire waya, a wanke da ruwan ɗumi da ɗan bikarbonat, a busar, a ɗaure, a shafa basilin. Abin da ya fi haɗari shi ne murɗa wayar jan ƙarfe da ta alminiyam wuri ɗaya a naɗe da leda. Mahaɗar tana ciwuwa, ta saki, ta fara zafi, a rumfar da ke cike da zana da buhuna kuwa ba sai mun faɗi abin da zafi ke jawowa ba. Akwai ma waya mai araha da ake sayarwa wadda alminiyam ce aka yi mata shafen jan ƙarfe. A kankare bakinta da wuƙa kafin a biya, idan cikin ya fito fari an san abin da aka saya.

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo famfon unguwa, tun da mata ne ke tara kuɗin gyaransa kuma su ne ke shan wahala idan ya tsaya. Famfon hannu irin India Mark II yakan zo da bututu da sanduna masu shafen tutiya, waɗanda masu aikin ruwa ke ce wa galba. Tun cikin shekarun 1980 bincike a Afirka ta Yamma ya nuna cewa a inda ruwan ƙasa ke da tsami, irin wannan bututu yana ruɓewa da wuri, ruwa ya riƙa fitowa ja da safe yana ɓata tuwo da wanki. Ƙasar Yuganda ma a 2016 ta hana sa bututun galba a irin waɗannan famfuna. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne gyaran rabi da rabi: sanda ɗaya ta karye, kuɗin kwamiti bai kai a canza duka ba, sai mai gyara ya sa ta inokis guda ɗaya a tsakiyar na galba, kowa na murna an samu mai ƙarko. Sabuwar za ta zauna lafiya, amma maƙwabtanta na sama da na ƙasa su ne za su ciwu a daidai mahaɗa, wata rana a ji kayan sun sulale cikin rijiya, ciro su kuma wani kuɗin ne. Don haka idan mai gyara ya zo, matan kwamiti su tsaya a wurin lokacin da ake fito da sandunan, su sa mayen ƙarfe a jikin tsofaffin da sabuwar. Idan ya kama waɗancan bai kama wannan ba, a dakata, a tambaye shi nawa ne kuɗin sanda irin ta da, nawa ne kuma kuɗin canza layin gaba ɗaya zuwa iri ɗaya, a rubuta duka biyun a littafin kwamiti kafin a mayar da komai cikin rami.